Sharhi: Wa ke riƙe da makullin rumbun manhaja?

Tsakanin watan Yuli da ƙarshen Satumban 2025, injiniyoyin kwamfuta a ƙasashe da dama sun jingine ayyukan da ke gabansu, sun koma bincike a cikin na'urorin kamfanoninsu, suna neman duk inda sunan Bitnami ya bayyana. Dalili kuwa, kamfanin Broadcom na Amurka, wanda Bitnami ya faɗo hannunsa lokacin da ya sayi VMware a 2023, ya ba da sanarwar cewa zai kwashe mafi yawan shiryayyun manhajojin da aka daɗe ana rabawa kyauta da wannan suna a dandalin Docker Hub, ya mayar da su wani sashe na tsofaffin kaya da ba za a sake sabunta su ba. Wanda yake son cikakken kundin da ake ci gaba da kula da shi, sai ya biya. Da farko an tsayar da ranar 28 ga Agusta, da ƙorafi ya yi yawa aka ɗaga zuwa 29 ga Satumba.

Babu wanda aka yi wa kutse a wannan lamari, babu kuma dokar da aka karya. Mai kaya ne ya sauya shawara a kan kayansa. Kutsen na gaske a wani wurin aka yi shi, a cikin watan na Satumba. Ranar 8 ga wata, 'yan damfara suka yaudari wani mai kula da wasu ƙananan manhajoji a kasuwar npm da saƙon imel na bogi, suka ƙwace asusunsa, suka cusa umarnin satar kuɗin kirifto a cikin manhajoji 18 da jimillar sauke su ta haura sau biliyan 2 a kowane mako. Kimanin mako guda bayan haka sai ga wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, wadda aka sani da Shai-Hulud, tana satar makullan sirri na marubuta manhaja, tana amfani da su wajen gurɓata kayansu. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ce abin ya taɓa manhajoji fiye da 500.

Irin waɗannan labarai ba su cika hawa shafin farko na jaridu ba, domin kalmominsu na 'yan sana'a ne. Sai dai abin da ke ƙarƙashinsu ya shafi duk wanda ke tura kuɗi ta waya, ko rajistar jarrabawa, ko neman fasfo ta intanet. Kayan da ake haɗa manhajojin da muka dogara da su, daga ina ake ɗauko su? Wa ke ajiye su? Wa kuma zai iya rantsuwa cewa abin da aka ɗauko yau shi ne aka ɗauko jiya?

Mutum zai iya zaton cewa idan banki ya fitar da manhajar waya, ma'aikatansa ne suka zauna suka rubuta ta daga farko har ƙarshe. Ba haka abin yake ba. Kamar yadda magini ba ya haɗa siminti ko ƙera ƙusa da kansa, haka marubucin manhaja yake ɗauko tubalan da wasu suka riga suka yi: wannan na lissafin kwanan wata, wannan na ɓoye bayanai, wancan na rubuta tarihin abin da na'ura ta aikata. Yawancin tubalan nan aikin gayya ne, mutane daga sassan duniya suka rubuta suka sake su kyauta. Ana jibge su a manyan kasuwannin intanet, kowane harshen kwamfuta da tasa: npm ta masu JavaScript, wadda GitHub na kamfanin Microsoft ya saya a 2020, PyPI ta masu Python, Maven Central ta masu Java, wadda kamfanin Sonatype ke ɗawainiya da ita. Kowane tubali kuma yakan jingina da wasu tubalan, su ma su jingina da wasu. Injiniya zai nemi guda 20, na'ura ta janyo masa ɗaruruwa, kuma da wuya ya san sunayen rabinsu.

Duk lokacin da aka yi gyara, ko da na harafi ɗaya ne, sai na'urar haɗi ta sake tattara tubalan ta fitar da sabon ƙunshi. A manyan kamfanoni hakan na faruwa sau da yawa a yini. Idan ba a yi wani tanadi ba, kowane haɗi na nufin miƙa hannu ta intanet zuwa kasuwar da ke wata nahiya, a karɓo duk abin da aka tarar a kan kanta a wannan lokacin. Tanadin da ake yi shi ne rumbun manhaja na cikin gida, wato wata na'ura da ke tsaye tsakanin ma'aikatan kamfani da kasuwannin waje. Tubalin da aka sauko da shi sau ɗaya, rumbun zai riƙe kwafinsa, ya rubuta lambar bugunsa, ya kuma ajiye wani tambarin lissafi da zai tona asiri idan aka canza ko da ɗigo ɗaya a cikinsa. Abin da kamfanin ya haɗa da kansa ma nan ake adana shi. Daga nan yake tafiya ɗakin gwaji, daga nan kuma yake fita zuwa ga jama'a, ƙunshi ɗaya tak, ba tare da an sake haɗa wani a hanya ba. Artifactory na kamfanin JFrog da Nexus na Sonatype ne suka fi suna a wannan fage. Akwai Harbor da ake samu kyauta, manyan kamfanonin hayar sabobi kuma kowanne yana da nasa.

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne sabar kanta, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana tana amsa buƙatun masu shiga shafi ko manhaja. A da sai an saye ta, an kafa ta, injiniya ya kwashe kwanaki yana ɗora mata manhajoji ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kai yadi wurin tela. Tun da Amazon ya fara ba da hayar sabobi ta intanet a 2006, abin da ake kira fasahar gajimare, sai aka koma ɗinkakkun kaya. Ana shirya saba guda, a ɗora mata komai, a ɗauki kwafinta ɗungurungum a ajiye. Daga wannan kwafi ana iya tayar da saba ɗaya ko dubu cikin mintuna, dukkansu iri ɗaya sak. Amazon na kiran irin wannan kwafi AMI. A 2013 Docker ya fito da ƙaramin salon abin, wanda ake kira kwantena, daga baya ya buɗe kasuwarsa ta Docker Hub. Sana'ar Bitnami ke nan tun asali: ya ɗauki sanannun manhajoji irin su WordPress da PostgreSQL da Redis, ya shirya su tsaf, mutum ya danna kawai ya kama aiki.

Bai kamata a raina alfanun wannan tsari ba. Shi ya sa kamfanin mutum uku a Legas ko Kaduna yake iya tayar da hidimar da a da sai mai ɗakin na'urori da ma'aikata da yawa. Idan saba ta samu matsala, ba a tsayawa yi mata magani, sai a kashe ta a tayar da sabuwa daga kwafin. Amma ɗinkakken kaya yana da shafi a ciki, mai saye kuwa waje yake gani.

Haɗari na farko shi ne a wayi gari kayan ba sa nan. Ranar 22 ga Maris 2016, wani marubucin manhaja mai suna Azer Koçulu ya yi fushi da masu gudanar da npm, saboda sun ƙwace sunan wata manhajarsa sun ba kamfanin Kik. Sai ya janye duka kayansa daga kasuwar, fiye da guda 250. A cikinsu akwai wata 'yar mitsitsiya mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikinta cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe dubban manhajoji sun jingina da ita ba su sani ba, har da manya irin su Babel. Nan take haɗin manhaja ya tsaya cik a kamfanoni da yawa, sai da npm ta mayar da ita da kanta bayan 'yan sa'o'i, ta kuma tsaurara dokar janye kaya. Waɗanda ke da rumbun da ya riƙe musu kwafi, a labarai suka ji abin da ya faru.

Wannan fushin mutum ɗaya ne. Wanda ya fi yawa yanzu shi ne lissafin kamfanoni. A Nuwamban 2020 Docker Hub ya ƙayyade wa wanda bai yi rajista ba saukewa 100 a cikin sa'o'i 6, mai asusun kyauta kuma 200. A Fabrairun 2021 JFrog ya sanar da rufe Bintray da JCenter, kasuwar da masu rubuta manhajar wayoyin Android suka daɗe suna dogaro da ita. Sai kuma ga Bitnami. Yana da sauƙi a kira wannan son kuɗi, kuma a wani wurin ba a rasa shi ba, amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A Satumban 2025, masu kula da manyan kasuwannin kyauta, ciki har da na Maven Central da PyPI, sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kukan cewa nauyin ya fi ƙarfinsu: manyan kamfanoni masu riba na sauke abu ɗaya sau ba adadi, ba sa ajiye kwafi, ba sa kuma taimakawa da kuɗin ɗawainiya. Rijiyar gari ce kowa ke zura guga, ba mai yashe ta. Duk wanda ya gina sana'arsa a kan cewa za ta ci gaba da ba da ruwa kyauta har abada, ya yi lissafi ba da mai rijiya ba.

Haɗari na biyu ya fi muni, domin shi ba ya yin ƙara. Kayan suna nan, sunansu bai canza ba, amma an sa musu guba. A Disamban 2020 aka gano cewa masu kutse sun shiga na'urar haɗin manhaja ta kamfanin SolarWinds da ke Texas, suka riƙa cusa umarninsu a cikin manhajar Orion daidai lokacin da ake haɗa ta. Abin da ya fito ya fito ne ɗauke da hatimin kamfanin na gaskiya, aka raba shi a matsayin sabuntawa tsakanin Maris da Yunin shekarar. Abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke. Gwamnatin Amurka ta ce an kutsa hukumominta 9 da kamfanoni kusan 100, ta kuma ɗora laifin a kan hukumar leƙen asirin waje ta Rasha, zargin da Rasha ta musanta. Abin lura a nan shi ne waɗanda abin ya ci sun bi shawarar da masana ke bayarwa kullum, wato a riƙa sabunta manhaja a kan lokaci. Ta ƙofar da aka ce su bar ta a buɗe ɓarawon ya shigo.

Bayan wata biyu, wani mai binciken tsaro, Alex Birsan, ya nuna cewa ba sai da ƙarfin gwamnati ake wannan aiki ba. Ya lura cewa kamfanoni na da tubalan cikin gida masu sunayen da babu su a kasuwannin waje. Sai ya yi rajistar waɗannan sunaye a npm da PyPI, ya ba su lambar bugu mai girma. Na'urorin haɗi da aka tsara su duba gida da waje a lokaci guda suka ga na waje ya fi sabunta, suka zaɓe shi. Da wannan dabara umarninsa ya yi aiki a cikin na'urorin kamfanoni fiye da 35, ciki har da Apple da Microsoft da PayPal, waɗanda suka biya shi tukuicin da ya haura dala 130,000, domin ta hanyar da suka amince da ita ya bi. Waɗannan kamfanoni ba su rasa rumbu ba. Ƙofar rumbun ce aka bari tana karɓar baƙo mai sunan ɗan gida.

Labarin da ya fi tayar da hankali shi ne na xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka masa da gyare-gyare har ya samu amincewa, aka ba shi ikon fitar da bugu. A bugu na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar hanyar da za ta ba shi damar shiga sabobi daga nesa. Wani muhimmin sashe na dabarar ma ba ya cikin rubutun da jama'a ke dubawa. A cikin ƙunshin da ake saukewa kaɗai aka saka shi. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya fallasa abin, bayan ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta gwaji na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Da ya ɗaga kafaɗa ya wuce, da gubar ta isa bugun da manyan kamfanoni ke amfani da shi. Sa'a ce ta yi aiki a ranar, sa'a kuwa ba a rubuta ta a kasafi.

Kuma maganar ba ta ƙare nan ba, wanda shi ne ya dawo da mu kan ɗinkakkun sabobi. A Agustan 2025, fiye da shekara guda bayan fallasar, kamfanin tsaro na Binarly ya ba da rahoton cewa har lokacin akwai gomman kwantenoni a Docker Hub da ke ɗauke da gurɓataccen xz ɗin, wasunsu an gina su ne a kan wasu. Halin kwafi ke nan: yana daskarar da rana guda, da kyawunta da muninta. Duk ɓarakar da ke cikin saba ranar da aka ɗauki kwafinta, za ta tashi tare da kowace sabar da aka tayar daga gare shi, ko bayan shekara biyar. A 2020 kamfanin Mitiga ya gano wani kwafin saba a sashen da kowa ke iya sakawa a kasuwar Amazon, wanda aka dasa wa manhajar haƙar kuɗin kirifto na Monero. Mai haya na biyan kuɗin na'ura, wani can yana kwasar riba. A Fabrairun 2025 masu bincike na Datadog suka bayyana wata dabara mai kama da ta Birsan: idan an umarci na'ura ta ɗauko kwafi mafi sabunta mai suna kaza, ba a faɗa mata na wane mai shi ba, kowa na iya saka nasa da irin sunan a ɗauka. Tun a Disamban 2024 Amazon ya ƙara wani tsari da ke ba abokin ciniki damar ƙayyade waɗanda zai karɓi kwafi daga hannunsu, amma sai wanda ya kunna shi zai amfana.

Akwai wata tambaya da rumbu ke amsawa wadda ba a sanin darajarta sai ranar tashin hankali. A Disamban 2021 aka bayyana wata ɓaraka a Log4j, tubalin Java da ke rubuta tarihin ayyukan na'ura, wanda gidauniyar Apache ke kula da shi. An ba ɓarakar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, domin da ɗan gajeren rubutu mai kutse zai iya karɓe saba. Facin gyara ya fito da wuri. Abin da ya hana ma'aikata barci shi ne gano inda Log4j yake, tunda sau da yawa ba su ne suka ɗauko shi ba, wani tubalin ne ya janyo shi, shi ma wani ya janyo shi. Wanda duk kayansa ta rumbu ɗaya suke bi, bincike ɗaya zai nuna masa manhajojin da abin ya shafa. Wanda ba shi da shi, sai ya bi saba-saba yana buɗewa. Kwamitin bitar tsaron intanet na Amurka ya yi hasashe a 2022 cewa za a ci gaba da cin karo da wannan ɓaraka har tsawon shekara 10 ko fiye.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki rumbu a matsayin laya. SolarWinds na da nasa na'urorin haɗi da nasa hatimi, kuma ta nan aka ci shi. Tara komai a wuri guda na nufin wanda ya samu makullin wurin ya samu komai. Rumbun da ya riƙe tsohon kwafi ya kare mutum daga ɓacewar kaya, amma idan ba mai bibiya, shi ne zai ci gaba da ciyar da kamfani ruɓaɓɓen hatsi shekara da shekaru. Ga kuma tsaka mai wuya: wanda ya yi gaggawar karɓar sabon bugu yana iya karɓar guba, wanda ya yi jinkiri yana iya zama da ɓarakar da duniya ta riga ta sani. Shi ya sa wasu kamfanoni ke killace sabon tubali na 'yan kwanaki kafin su bari ya shiga haɗi, sai fa idan facin gaggawa ne. Gurɓatattun manhajojin 8 ga Satumba, alal misali, cikin sa'o'i aka gano su aka cire. Jinkirin kwana biyu kaɗai ya isa ya tsallakar da mutum. Wannan duk aikin mutane ne masu albashi, kuma irin aikin da ba a yanke masa kintinkiri. A ganina nan ne ainihin wahalar take: shugaban ma'aikata zai fi son ya ƙaddamar da sabuwar manhaja a gaban 'yan jarida da ya sa hannu a kan kuɗin mai gadin sito.

Najeriya na da nata dalilin na musamman na kula da wannan batu. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, abokan cinikin wasu bankunan ƙasar nan suka kasa tura kuɗi, gyara kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, kamfanin da sabobinsa ke Legas amma tubalansa ke wata nahiya zai ga manhajarsa na aiki, sai dai fitar da gyara ko tayar da sabuwar saba zai zame masa jan aiki, daidai lokacin da ya fi buƙatar hakan. Manyan cibiyoyin gajimare na nahiyar ma a Afirka ta Kudu suke: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Ƙaramin reshe ne Amazon ya buɗe a Legas a 2023.

Sai batun kuɗi. Lasisin rumbun kasuwanci da kuɗin ɗinkakkun sabobin da ake kula da su, da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Saboda haka sanarwa irin ta Broadcom ta fi yi wa ƙaramin kamfani a Abuja ciwo fiye da takwaransa na Jamus. Zaɓinsa uku ne, kuma babu mai daɗi: ya biya, ko ya koyi ɗinka sabarsa da kansa, ko ya ci gaba da amfani da tsohon kwafin da ba a sabuntawa. Na ukun ne ya fi arha a yau, shi ne kuma ya kamata ya fi damun duk wanda bayanansa ke hannun irin wannan kamfani.

Ba a ce ƙasar ta zauna haka nan ba. Hukumar NITDA ta fitar da manufar amfani da fasahar gajimare a 2019, an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone kuma yana da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano. Sai dai muhawarar da aka fi ji ta karkata ne ga inda ake ajiye bayanai, a gida ko a waje. Tambaya ce mai muhimmanci, amma rabin magana ce. Bayanan da ke zaune a Abuja, idan manhajar da ke sarrafa su an haɗa ta ne da tubalan da ba wanda ya ƙirga, a kan sabar da aka tayar daga kwafin da ba a san wanda ya ɗinka shi ba, zamansu a gida bai tsare su daga komai ba. Ajiye kwafin manyan kasuwannin manhaja a cikin ƙasa, kusa da mahaɗar intanet ta IXPN da ke haɗa kamfanonin sadarwa, ko a cibiyoyin gwamnati domin amfanin ma'aikatu da jami'o'i, ba aiki ne da ya fi ƙarfin injiniyoyin ƙasar nan ba. Jami'o'i da kamfanonin sadarwa a ƙasashe da yawa sun daɗe suna yin haka ga manhajojin Linux. Zai rage kuɗin zirga-zirgar bayanai zuwa waje, ya kuma rage wa masu rijiyar nauyin da suke kuka da shi.

Ƙasashen da suka ɗanɗana kuɗarsu sun fara da takarda. Bayan SolarWinds, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan umarni mai lamba 14028 ranar 12 ga Mayun 2021, wanda ya shigar da batun jerin kayan haɗin manhaja cikin harkar sayayyar gwamnatin Amurka. Jerin, wanda ake taƙaita sunansa da SBOM, tamkar rubutun da ke jikin kwalin magani ne: sunan kowane tubali, bugunsa, da inda ya fito. Tarayyar Turai ta wuce nan. Dokarta ta juriyar kayan dijital ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2024. Daga 11 ga Satumban 2026 wajibi ne masu ƙera kaya su riƙa kai rahoton ɓarakar da masu kutse ke amfani da ita, daga 11 ga Disamban 2027 kuma sauran sharuɗɗan za su hau kansu, ciki har da tanadar wannan jeri. Tara na iya kaiwa yuro miliyan 15, ko kashi 2.5 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya.

Dokar ba ta tambayar inda aka rubuta manhaja, kasuwar da aka kai ta take dubawa. Kamfanin Najeriya da ke son sayar da kayansa a Turai, ko yake yi wa wani kamfanin can aiki, za a nemi wannan jeri daga gare shi, kuma ba zai iya fitar da na gaskiya ba sai ya san ta inda tubalansa ke shigowa. Ma'aikatar gwamnati ko bankin da ke sayen manhaja daga hannun wannan kamfani a nan gida na iya neman takardar nan ba tare da jiran sabuwar doka ba. Sakin layi ɗaya ne a cikin yarjejeniyar kwangila: ɗan kwangila ya miƙa jerin tubalan da ya yi amfani da su, ya miƙa kwafin sabar da bayanin yadda aka ɗinka ta, a ajiye su a rumbun da makullinsa ke hannun ma'aikatar, sannan a rubuta sunan ofishin da zai riƙa sabunta su bayan an biya kuɗin ƙarshe ɗan kwangila ya tafi.